Matar da Ta Hana Mu Ruwan Kwakwa

Ranar Talata, tara ga Maris, likita ya ce ƙodar matata Otilia ta daina aiki. Ya rubuta mana ranakun wankin ƙoda, ya tura mu ɗakin ƙarshe, kusa da banɗaki, wai mu ga mai tsara abincin marasa lafiya. A nan na fara ganin Zoila Munguía, wadda za ta yi ritaya ƙarshen watan nan bayan shekara talatin da ɗaya tana aiki.

Ƙarfe shida da rabi take buɗe ɗakin. Kafin nan masu yankan rake sun cika benci, maza 'yan shekara talatin masu fuskar tsofaffi. Ta ɗora mutum a sikeli, ta danna masa ƙafa da yatsa ta ga ko ramin zai cike, sannan ta ce, "Me ka ci jiya? Ban ce abin da ya kamata ka ci ba."

Digiri biyu gare ta a ilimin abinci. 'Yan ajinsu sun san inda ke musu daɗi: wasu suna kamfanonin lemon kwalba, wasu suna Managua, babban birni, suna rage wa matan attajirai teɓa. Ita ta dawo nan garinmu Chichigalpa, inda ciwon ƙoda ya sa mai ƙera akwatin gawa ya fi tela ciniki. Ta bi gidaje tana koya wa mata su jiƙa wake, su zubar da ruwan, su tafasa, su sake zubarwa. Don Fulgencio mai gadin asibiti ya sha ganinta ta tare masu kawo miya a ƙofa.

"Doña Zoila, na rantse gishirin ɗan kaɗan ne!"

"Ɗan kaɗan ɗin ne ya mai da ƙafar mijinki turmi. Miƙo cokali."

Ni kuwa shekara arba'in na yi ina koyar da tarihi, na fi limamin cocinmu littattafai, ban saba a gyara mini magana ba. Kowa a garin nan ya taso ya ji cewa ruwan kwakwa yana wanke ƙoda. Ranar da na zo da kwalbarsa, ta karɓa ta tuttular a kwata.

"Malam, akwai sinadari a cikinsa da ƙodarta ba ta iya fitarwa. In ya taru, zuciya yake tsayarwa."

"Digiri biyu don a koya wa mutane dafa wake?"

"Da na yi na uku, in shi zai sa ka ji magana."

Otilia ta yi dariya har da tari. Likita ya ce shekara biyu suka rage mata. Ta yi bakwai, a kan kofi uku na ruwa a yini da abinci aunanne, har ta goyi jikarmu.

Otilia ta rasu wata Litinin da hantsi, cikin zafin Afrilu, kafin a ɗora ta a na'urar wankin ƙoda. Gwajin jini ya nuna sinadarin nan ya yi tsalle. Bayan kwana tara Zoila ta zo gidana da littafin da take rubuta awon abincin Otilia, ta zauna tana juya shafi.

"Malam, watan jiya na ƙara mata rabin kofin wake, ganin ta rame. Ko shi ne?"

Na ce, "Ke kika yi karatun."

Ta rufe littafin ta tafi. Nas-nas sun ce har yau yana cikin durowarta, kuma duk wanda za ta ƙara wa abinci sai ta sake duba takardarsa sau uku. Shekara tara ke nan.

Zoila, ke ce mai faɗa da tukunyar kowa. Ke ce wadda aka zaga a kowane ɗakin girki na garin nan, kika koma washegari da kofin awo. Babu titi da sunanki, ba kuma za a sa ba. Na koyar da tarihi, na san waɗanda ake sa sunansu. Amma akwai yaran da suka gama makaranta uwayensu maza suna raye saboda ke. Mun gode. Masu karatun abinci a jami'a, in da mai sauran kunya a cikinku, ɗakin yana nan kusa da banɗaki, benci a cike.

Sau huɗu na zo ƙofarki, na tarar da layi, na ce ai marasa lafiya sun fi ni buƙata. Ƙarya nake yi wa kaina. Ba wakenki ba ne, Zoila. Ranar Lahadi, jajibirin rasuwarta, bayan mun dawo daga coci, Otilia ta roƙe ni ruwan kwakwa da leɓe a tsattsage. Na fasa kwakwa uku, na tallafe mata kai har ta shanye.