Gwaggo Hoda da Kujerar Ƙarshe

A bayan dandamalin gidan wasan kwaikwayo akwai wani ɗaki mai madubi uku, ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa. Ɗakin yana ƙanshin man shafawa da auduga da tsohon gumi. Nan Gwaggo Hoda ta yi shekara talatin da ɗaya tana tsufar da samari, tana zana rauni a kumatun da ba su taɓa ganin wuƙa ba. 'Yar mai fentin allunan shaguna ce. A gindin tsanin mahaifinta ta koyi cewa launin cikin gwangwani daban, wanda ido zai gani daga tsallaken titi daban.

Shi ya sa ba ta yarda da madubi. In ta gama fuska, sai ta tura ɗan wasan ya tsaya tsakiyar dandamali, ƙaninta Mai Fitila ya kunna fitilu, ita kuma ta hau matakala har kujerar ƙarshe ta duba. Takan ce na kujerar gaba ko da fuskar da Allah ya yi maka ka fito zai gane ka. Ita mutanen baya take yi wa aiki.

Sai yanar ido ta soma rufe mata gani, a hankali, yadda hayaƙi ke cin farin bango. Shuɗi ne ya fara guje mata. Ta shafa, ba ta gani ba, ta ƙara. Ba ta faɗa wa kowa ba. Tana hawa kujerarta kamar kullum, ta gyaɗa kai, alhali inuwa kawai take hange.

Asiri ya tonu ranar da Dogo ya fito a matsayin uban da ya dawo gida a gajiye. Inuwar gajiya Gwaggo ta yi niyyar sa masa a ƙarƙashin ido, amma da haske ya sauka a kansa, a wurin da ya kamata zauren ya yi tsit, mutane suka fashe da dariya. Da ya dawo ɗaki yana goge fuska ya ce, "Gwaggo, gajiya aka ce na yi, ba a ce daga kabari aka tono ni ba."

Washegari Darakta ya kira ta. Shi ma ta sha shafa masa hoda yana ɗan wasa, don haka kansa a sunkuye ya yi maganar. Da ma ya jima yana amfani da ƙirƙirarriyar basira: a ba na'ura hoton ɗan wasa, a ce mata shekara saba'in, kafin a kurɓi ruwa ta fitar da tsoho. Zanen da Gwaggo kan yi mako tana yi tuni ya koma hannun na'urar. Yanzu, in ji shi, 'yan wasa suna iya kallon hoton su kwaikwaya da kansu. Wasa ɗaya ya ba ta ta gwada. In aka sake dariya, sai ta huta.

Mai Fitila ya san ciwon tun da daɗewa. Wata biyar yana jan fitilunsa zuwa ja a ɓoye, don ya rufa wa shuɗin yayarsa asiri. Ranar gwaji da hantsi ya ɗaure waya a jikin kujerar ƙarshe, ya ajiye wata a teburinta, ya ce na'urar za ta duba daga can ta faɗa mata abin da take gani. Gwaggo ta ce ba ta neman taimakon abin da ya zo ƙwace mata kujera.

"Wace kujera, Yaya? Wadda kike zama kina gyaɗa wa duhu kai?"

Ta jefe shi da soso. Sannan ta ce ya kunna.

Ta zaunar da Dogo, ta sa ya ɗaure fuska, ya saki, ya yi murmushi, tana bin kowace tattara da babban yatsa, tana zana layi inda fata ta lanƙwashe da kanta. Wannan aikin bai taɓa buƙatar ido ba. Da ya hau dandamali, muryar na'urar ta fito daga wayar teburinta ta ce shuɗin idon hagu ya yi yawa, layin goshi kuma ba ya isowa baya. Gwaggo ta yi tsaki, ta rage, ta ƙara. Sau huɗu Dogo yana hawa yana sauka. A na biyar na'urar ta ce kumatun biyu ba su yi daidai ba, a daidaita su. Nan Gwaggo ta ƙi. Ta ce gajiya ba ta raba kanta biyu daidai, kuma Dogo da gefe ɗaya yake tauna tun da ya rasa haƙori. Gefen nan ne zai fara zubewa in ya tsufa.

Ranar wasan ba wanda ya yi dariya. Darakta ya kalla daga baya, hoton na'ura a hannunsa. Daga bisani ya ce tsohon cikin hoton ya fi kyau, amma na kan dandamali shi ne ya ji kamar ya tashi ya karɓar masa jaka. Ya ce ta zo Litinin, sabon wasa fuska goma sha ɗaya ne.

Zanen dai bai dawo hannunta ba, kuma ƙawayenta biyu da ke yi wa 'yan fim kwalliya yanzu suna zaune a gida. Ba ta manta da wannan ba, ba ta kuma ɓoye shi in ana hira. Amma kullum in an tashi aiki takan ciro sabuwar auduga ta goge gilashin wayar, ta ce mata sannu da aiki. Mai Fitila yana naɗe wayoyin fitilunsa yana mita, wai shi shekara talatin yana haska mata fuskoki, ko sannu ɗaya bai taɓa samu ba. Ta ce masa ai ita na'urar ba ta mayar da magana.