Hoton da Ishaya Bai Koya Mini Gyarawa Ba

Ina goge gilashin kyamara a shagona na Limawa sai Rifkatu, matar abokina Ishaya, ta shigo, ba ta zauna ba. Ta ce, "Baba Yohanna, abokinka ya tafi da safen nan." Ta ajiye hotonsa guda a kan tebur, wanda ruwan ambaliya ya ci rabin fuskarsa. Shi kaɗai ya rage musu, kuma shi za a buga a takardar jana'iza ranar Asabar.

Ni mutum ne da ban taɓa roƙon kowa ba. Daga sakandare na fito da kyamarar aro, na gina shago da hannuna, har babu bikin da ake yi a Jimeta ba a neme ni ba. Da zamanin fim ya wuce na sayi kwamfuta, na buɗe manhajar gyaran hoto, na ga allo cike da ƙananan alamu kamar an watsa gero. Ishaya mai buga katin biki ne ya leƙo ya same ni ina zufa. Bai yi dariya ba. Ya tura ƙofa don kada masu wucewa su gani, ya jawo benci.

Bai taɓa kiran kayan aikin da sunan Turanci ba. "Hagu akwatin kayanka ne, dama kuma kantarka. Ga buroshi, ga hatimi, wannan mai kama da filasta shi ke rufe tabo." In hannuna ya yi nauyi a kan maus sai ya ce, "Oga, ba fartanya ba ce." Ya kwashe duk abin da ba na bukata daga allon, ya jera mini sauran yadda idona zai gane. Kullum gargaɗinsa ɗaya: "Kada ka taɓa hoton asali. Shimfiɗa wani a kansa, ka yi ɓarnarka a can."

Da Rifkatu ta fita na kunna kwamfutar. Manhajar ta sabunta kanta. Jerin da ya yi mini ya watse, filastar ma ban san inda ta shige ba. Na ɗauki waya zan kira shi, har na danna sunansa.

Na shigar da hoton cikin kwamfutar, na lalubo hatimi da ƙyar, na shimfiɗa wani a kan na asali kamar yadda ya ce. Na gwada, na goge, na sake. Kuncin da nake ginawa na wani ne, ba na Ishaya ba. Da na rufe aikina sai ga rabin fuskar nan tana kallona, ido ɗaya, yana shirin murmushi. Ita na kai wa Rifkatu. Na ce na kasa. Ban taɓa faɗin kalmar nan a sana'ata ba.

Ubangiji ya yi masa jinƙai, ya ba shi hutawa. Ya riƙe Rifkatu da 'ya'yansa, ya bar musu ɗaya rabin a zuciya, tunda hannuna bai iya dawo da shi ba. Amin.