Gaisuwa ta Bututu

Na zo Greenbelt, can ƙasar waje, rainon jikana ɗan shekara huɗu, na yi wata biyu cur bai gaishe ni ba. In na ce, "Maigida, haka ake yi wa amarya?" sai ya toshe kunnuwa ya juya mini ƙeya. Uwarsa, 'yata, ta ce a cewar likita, murya a kusa da shi, da kuma kallon ido cikin ido, yawa suke yi masa. Na ji, amma abin ya ci mini rai. Saura sati uku in koma Kano, ina tsoron in tafi yaron nan bai san ni ba.

Bayan gidan akwai filin wasan yara, can nake kai shi da hantsi. Filin nan ya ɗaure mini kai. Ƙasan roba ce, kana takawa tana lotsawa. Ga wani bango, rabi kaushi kamar dutsen goge ƙafa, rabi sumul, yaron ya yi ta shafa shi ba ya gajiya. Ga ƙarafa a rataye, kowanne da irin ƙararsa. Har sunkuyawa na yi na shinshina ganyen da aka shuka a gefe, na ji na'ana'a ce. Wa ya zauna ya yi wa yara wannan tunanin? Mu da yashi da gwangwani muka tashi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani bututu ne da ya ɓullo daga ƙasa, bakinsa kamar mazurari, ga ɗan'uwansa can bayan lilo. Na leƙa, duhu kawai. Wata rana karambani ya sa na kafa baki na yi sallama a ciki. Ina ɗagowa na hango jikana a ɗaya bakin, ya manna kunne. Ashe a ƙarƙashin ƙasa haɗe suke.

A wajenmu yaro ke fara gaida babba. Ranar na ajiye girman.

"Maigida, ina kwana?"

Har na fara miƙewa, sai wata 'yar murya ta fito daga bututun.

"Lafiya lau, Kaka."

Kuka na yi, ban ɓoye ba. Ashe duk mitar da nake yi yana ji, yana ajiyewa.

Sati ukun nan kullum a bututun muke gaisawa. Ni ce mai durƙusawa, don daidai tsayin yara aka yi shi.