Motar da Sikeli Ya Rage wa Nauyi

Sikeli ba ya zama. A shagonsa na wasan tseren mota akwai kujeru huɗu a gaban talabijin huɗu, kowace da sitiyarinta, da totur da birki a ƙasa, amma ba a taɓa kama shi a kan ko ɗaya ba. Yana bayan wannan, yana bayan wancan, ya taɓa waya, ya goge gilashi, ya leƙa titi, ya dawo. Matarsa ta ce ko abinci a tsaye yake ci, sai ka ce wanda aka biyo.

Asalinsa ma'aikacin gidan taya ne. Ya daɗe yana ɗora taya a inji, ta juya, ya gano gefen da ya fi nauyi, ya manna 'yar dalma a ɗaya gefen har ta daina rawa. A can ya samo sunan. Da bayansa ya ƙi ɗaukar kaya sai ya buɗe wannan shago, halin kuwa ya biyo shi. A cikin wasan akwai wurin da ake shiga a ƙara wa mota nauyi, a rage wa injinta ƙarfi, a sauya mata taya. Masu irin shagonsa ko kallon wurin ba sa yi, shi kuwa can ne ɗakinsa. Hujjarsa ita ce in mota ɗaya ce kullum ke ci, rigima za a yi a kanta, in kuma mutum ɗaya ne kullum ke ci, sauran za su tafi gida. Don haka duk wanda ya cika cin mutane sai ya ɗora masa lodi. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya fi kowa shan wannan lodi, kullum cikin mita yake wai an ɗaure masa mota. Abu ɗaya dai, Sikeli ba ya yi a ɓoye. A gaban kowa yake faɗin abin da ya ƙara da abin da ya rage, mai jin haushi ya ji.

Yayansa direban bas ne na doguwar tafiya, mutum mai faɗin kafaɗa da gajeren haƙuri. Shi ya riƙe Sikeli bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi gidan taya, kuma har gobe ba ya kiransa da komai sai "kai yaro", ga furfura a gemun yaron. Wata safiya Yaya ya sunkuya zai ɗaura takalmi, hannun hagu ya ƙi. Shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo sannu a hankali, hannun ne ya yi taurin kai. Likita ya ce a riƙa motsa shi, Yaya ya ce shi ba zai zauna yana matsa ƙwallon roba kamar jariri ba. Ya koma kwanciya yana kallon silin, ga faɗa da kowa. Da abin ya ishi matar Yaya ta zo shago da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Sikeli ya san yadda zai yi da ɗan'uwansa, ita ta gaji.

Da lallashi da ƙarya aka kawo shi, wai ya zo ya duba ko sitiyarin nan yana kama da na gaske. Ya zauna yana yatsina. Aka tashi tsere, ya ci bango a kwanar farko, ya ci a ta biyu, ya zo na ƙarshe. Ya ja sandarsa zai fita. Ran Sikeli ya ɓaci, don bai taɓa ganin bayan yayansa ya ranƙwafa haka ba. Ya tare shi ya ce sitiyarin ne ya kwance, ya ba shi minti ɗaya.

A wannan mintin ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya zare wa motar Yaya nauyi, ya sa mata tayar da ke manne da titi, ya kunna abin da ke taya mai koyo juya sitiyari, sannan ya shaƙe injin sauran ukun. Bai faɗa wa kowa ba. Yaya ya zo na biyu. Kashegari ya zo na ɗaya.

Mai aski ba wawa ba ne, a zagaye ɗaya ya gane. Sikeli ya ja shi gefe ya roƙe shi don girman Allah, mutumin ya yi dariya ya ce ai shi dama ya saba da zalunci. Daga nan Yaya ya zama ɗan gida. Tun kafin a buɗe yana bakin shago. Ya dawo cin abinci, ya dawo tsokanar matarsa, yana koya wa mai aski yadda ake shiga kwana. Hannun ma ya ɗan sake, yana iya riƙe kofi. Sikeli kuwa zirga-zirgarsa ta ninku. Kullum cewa yake gobe zai fara mayar da nauyin kaɗan-kaɗan, goben ta zo ya ga Yaya yana dariya, sai ya fasa.

Sai ga Yaya wata rana ya shigo da sabon aski da rigar da ya daɗe bai sa ba. Ya bugi aljihun wandonsa na hagu, aka ji ƙarar makulli. Ya je wajen mai bas ɗin da yake ja a da, ya shaida masa ya warke sarai, mutumin ya yarda saboda tsohuwar amana. Jibi zai ɗauki fasinja. Ya ce wanda ke cin matasa a tsere kullum, wace hanya ce za ta gagare shi?

Sikeli ya fita titi, ya dawo. Ya goge talabijin ɗin da ya riga ya goge. Bas cike da mutane yake gani, da gangara, da hannun nan da shi kaɗai ya san ba shi ke juya sitiyarin ba. In ya yi shiru rayuka ne. In ya yi magana zai mayar da yayansa kan gado yana kallon silin. Mai aski ya dube shi ya kawar da kai, wato kai ka ƙulla, kai za ka kwance.

Bakin Sikeli ya kasa, sai hannunsa ya yi. Ya shiga wurin gyaran ya mayar da komai daidai, motoci huɗu nauyi ɗaya, ƙarfi ɗaya, babu mai taya kowa. Ya ce Yaya ya zo a yi na bankwana.

Kwanar farko motar ta ƙi juyawa, ta daki bango. Yaya ya ja tsaki ya koma kan titi. Kwana ta biyu hannun hagun ya zame daga sitiyarin gaba ɗaya, motar ta hantsila. Ya ɗora hannun da na dama, ya sake zamewa. Sauran uku sun daɗe da gamawa, babu wanda ya tashi. Yaya bai kai ƙarshe ba. Ya ɗaga ƙafarsa daga totur, motar ta tsaya a tsakiyar titi.

Mutumin da ya tsufa a kan sitiyari ba sai an yi masa bayani ba. Bai waiwayo ba ya ce, "Kai yaro. Wacce ce ta gaskiyar, ta jiya ko ta yau?"

"Ta yau, Yaya."

Yaya ya kai hannun hagu aljihu. Yatsun suka ƙi shiga, suka shiga suka ƙi kamawa. Sikeli ya matso zai taimaka, Yaya ya ce ya bar shi. Haka suka tsaya suna kallonsa yana fama, gumi na tsattsafo masa a goshi, har makullin ya fito yana rawa tsakanin yatsu biyu. Ya miƙa wa ƙanensa.

"Kai masa. Ka ce ya nemi direba."