Rundunar da Laouali Ya Bari Ba Kawuna

A unguwar Murabba ta birnin Riyad, bayan layin masu sayar da turare, akwai wani shago mai manyan tebura biyu a tsakiya, an yi musu tsaunuka da kwazazzabai da rusassun ganuwoyi na roba da kwali. A kan teburan nan manyan mutane masu gemu, injiniyoyi da likitoci, suke jera sojojin roba da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, su jefa ƙwayar lido, su auna tazara da tef, wai su yaƙi suke yi. Allah ɗaya, gari bamban! A ƙuryar shagon kuma akwai wani siririn mutum da kullum yake sunkuye da hantsaki a hannu. Shi ne Laouali, mutumin Damagaram, kuma kusan duk sojan da ke kan teburan nan ta hannunsa ya biyo.

Ba wannan aikin ya kawo shi Riyad ba. Wani kamfanin 'yan ƙwadago ne ya kawo shi, ya zube shi a kasuwar Utaiƙa yana dakon kwalayen dabino da buhunan albasa. Ya yi shekaru a nan har bayansa ya ce ya gaji. Ranar da ya sunkuya ya kasa miƙewa, kamfanin ya tura shi shara a wannan shagon na mudir Abu Nawaf, wato maigidan wurin, wai kafin ya warware. To, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Yana cikin shara wata rana ya tsinci wani maharbin roba da hannunsa ya ɓalle, ya ɗauki gam ya mayar masa, ya kankare bakin har ba ka gane inda ya karye. Abu Nawaf ya jujjuya abin a tafin hannunsa, ya ce masa ya ajiye tsintsiyar nan.

Su sojojin ba a haɗe suke zuwa ba. Gunduwa-gunduwa ne a kwali, ƙafafu daban, ƙirji daban, garkuwa da mashi da kawuna kowanne da wurinsa. Laouali ya yanko, ya goge, ya manna, ya bi da fenti da buroshin da gashinsa bai fi na gira ba. A hankali har tsarin rundunar ya iya. Kowane ɗan wasa akwai iyakar makin da aka yanka masa, kowane soja kuma da makin da yake ci, sai mutum ya zaɓi wanda zai fita da shi fage. Idan sabon shiga ya zo yana rawar jiki zai zuba makinsa duka a kan ƙaton dodo guda mai fukafukai, Laouali yakan girgiza kai, ya ce da guntun Larabcinsa: "In dodon ya faɗi fa, wa ya rage maka?" Sai ya jera masa masu garkuwa a gaba, maharba a bayansu, mahaya kuraye su zagayo ta gefe. Yana son aikin nan, so na gaske. Bai taɓa zaton akwai aikin da mutum zai yi a zaune, cikin sanyi, har a ce masa sannu ba.

Amma akwai abin da ba wanda ya lura da shi. Laouali bai taɓa ɗora wa soja kai ba, bai kuma taɓa zana ido ko baki ba.

Dalilin tun daga gida ne. Yana yaro, shi ne gwanin gina shanu da raƙuma da laka a bakin tabki. Mahaifinsa ya same shi wata rana, bai doke shi ba, ya dai zaunar da shi ya ce duk wanda ya ƙera surar mai rai, ranar gobe za a ce ya busa mata rai. Ya sa shi ya yi alkawari, ya yi. Da ya zo shagon nan sai ya riƙe maganar da ya taɓa ji a wurin karatu, cewa sura ba ta cika sura sai da kai. Allah kuma ya haɗa shi da wani ɗan Filifin a teburin aikin, wanda ba abin da yake so kamar zanen fuska. Laouali ya gama jiki ya tura, wancan ya ɗora kai. Kowa ya ɗauka rabon aiki ne kawai.

Sai ɗan Filifin ya tattara ya koma ƙasarsu gaba ɗaya. A satin kuma wani likita ya ba da aikin runduna guda cur, yana so ya shiga gasa da ita.

Laouali ya haɗa jikkunan, ya yi musu fenti, sulke na ƙyalli, tutoci ja da baƙi, ya jera su sahu-sahu gwanin kyau. Kawunan kuwa suna zube a wani kwalin dabino, ko taɓa su bai yi ba. Abu Nawaf ya leƙo, ya ce, "Ina kawunan?" Laouali ya ce suna nan. "Yalla, yi maza, ranar Alhamis likita zai zo."

A ɗakinsu na unguwar Suwaidi, wajen shayin safe, ya gaya wa Buraima, wani direba Bakano da suke kwana ɗaki ɗaya. Buraima ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Kai Badamagare, ba ka da dama! Roba ce fa, irin wadda ake bokiti da ita. Ka tambayi malamai kuwa?"

"Na tambaya. Wani ya ce kayan wasa ne, ba komai. Wani ya ce a dai kiyaye."

"To ka bi na farkon mana!"

"Zuciyata ce ta ƙi bin sa."

Buraima ya daina dariya. Ya san abin da ke ƙasa. Iƙamar Laouali, wato takardar zamansa, tana hannun kamfani. Waya ɗaya Abu Nawaf zai buga a mayar da shi dako a Utaiƙa, bayan nan nasa kuwa ba zai yi wata guda ba, daga nan sai jirgin komawa gida. Ga matarsa Safiatou da yara a Damagaram, babbar 'yar ta fara karatun ungozoma.

"Ka ce masa idonka ne ba ya ganin ƙananan abubuwa," in ji Buraima.

"In yi ƙarya don in tsere wa zunubi? Ai an gudu ba a tsira ba. Kuma wa zai riƙe mai fentin da ba ya gani?"

Buraima ya dubi yatsunsa, manya kamar rogo, ya ce wallahi da zai iya da ya je ya manna masa su.

Ranar Laraba Laouali ya ɗauki kai ɗaya da hantsaki, har ya ɗiga gam a wuyan wani mai garkuwa. Ya daɗe a haka. Gam ya bushe, ya mayar da kan cikin kwali. Tsoro yake ji, ba kaɗan ba, amma hannun ya ƙi.

Alhamis da hantsi, kafin a fara shigowa, ya je ya tsaya gaban Abu Nawaf. Ya haɗa Larabcin da yake da shi kaf ya faɗa masa gaskiya, tun daga bakin tabki har zuwa ɗan Filifin.

Fuskar Abu Nawaf ta canza. "Shekara nawa kana cin abinci da aikin nan, sai yau? Mu da muke wasa da su fa, me ka mayar da mu?"

"Ban ce komai a kanku ba, mudir. Ni ba malami ba ne. Alkawari na yi wa mahaifina, ya rasu yana riƙe da shi."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Tsoro."

Abu Nawaf ya dube shi, ya dubi rundunar, ya figi wayarsa da makullin mota ya fita, ƙofar gilashi ta rufo a bayansa. Shi ke nan, in ji Laouali a ransa. Ya koma ƙuryarsa ya fara wanke burusan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe kwalaben fenti da kyau don kada su bushe wa wanda zai gaje shi. Idonsa ya ciko, ya goge da hannun riga. Yana tunanin yadda zai fara gaya wa Safiatou sai ya ji an turo ƙofa.

Abu Nawaf ne, da tabarau ɗin karatu a hannu. Ashe a mota ya je ɗauko shi.

"Mahaifiyata," ya ce, yana naɗe hannun farar rigarsa, "tun da na buɗe shagon nan ba ta taɓa taka ƙafarta ciki ba. Irin maganarka take yi. Ban taɓa iya ce mata komai ba." Ya jawo kujerar ɗan Filifin. "Da can ni nake yi wa nawa fenti, kafin in zama mai ƙirga kwalaye. Matsa. Jikkuna naka, kawuna nawa. Na buga wa likita, sai Asabar zai zo."

Laouali ya matsa. Sai hamdala yake ta yi a zuci.

Abu Nawaf ya ɗauki kan farko, ya malala gam kamar mai zuba miya, ya dangwala shi a wuyan wani jarumi. Jarumin ya tsaya yana kallon kafaɗarsa. Laouali ya cije leɓe, ya kai hannuwansa baya ya sarƙe su don kada su yi masa shisshigi.

"Mudir," ya ce a hankali, "abokan gaba suna gabansa ne. Juyo shi dama kaɗan."

"Haka?"

"Ƙara. Yawwa, tsaya nan. Riƙe shi har ya kama, kada ka saki."

Abu Nawaf ya riƙe, yana huci ta hanci, bai saki ba. Laouali ya turo masa soja na biyu.