Alwalar Malam Isyaku a Bakin Kanal

Cikin ranakun aikina duka, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da na kashe wa Malam Isyaku wuta. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullan mota in tafi hutuna, to ga shi. Amma kada wanda ya katse ni da tambayar girman waya.

Lokacin ina shekarata ta biyu a wajen Len. Ku ba ku riske shi ba. Bature ne gajere mai ɗan wurin gyara a bakin kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙa wa jirage a nan London, kuma shi ya koya mini wutar jirgin ruwa. Na zo daga Kano da shekaru masu yawa na wayarin a hannuna, ina ganin babu abin da wani zai nuna mini, sai ga shi mutumin nan ya mai da ni mataimaki mai riƙe fitila. Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma shayinsa na safe da ƙamshin hayaƙin jirage a kan ruwa, har yau ina kewarsu.

Saboda baƙinmu na ofis da ba su taɓa shiga jirgin kanal ba, bari in yi bayani. Jirage ne sirara dogaye, ƙarfe ne daga kai har gindi, mutane suna zama a ciki kamar gida. Wutarsu iri biyu ce. Idan jirgi yana ɗaure a matsayarsa, ana jawo masa wutar gari da kebul daga tudu. Idan ya saki igiya ya tafi, sai batura, tare da inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ƙa'idar farko ita ce wutar nan biyu ba sa haɗuwa, sai an sa canji-oba a tsakaninsu. Ta biyu kuma, dole a sami wayar ƙasa mai lafiya da bireka mai jin yoyon wuta, wadda za ta faɗi da zarar wuta ta bi inda bai kamata ba.

Wata Laraba cikin kaka gwiwar Len ta tashi, ya ce in tafi ni kaɗai in ɗora sabuwar inbata a wani jirgi kusa da gandun shaƙatawa na Regent's Park. Ya ƙara da cewa mai jirgin mutuminmu ne, don haka zan ji daɗi. Wannan shi ne aiki na farko da aka sake ni ba tare da kowa a kaina ba.

Tun kafin in ga fuskarsa na gane Malam Isyaku ne. Daga cikin jirgi ya amsa sallamata, sai na tsaya cak da jakar kaya a kafaɗa. Muryar nan ce da muke ji a rediyon shagon babana tun ina ƙarami, mai karanta labaran duniya. Ya yi ritaya, ya sayi jirgi ya tare. Ya ce shi ɗan Yauri ne, a bakin kogi aka haife shi, kuma ya gaji da ginin da ba ya motsi. Hajiyarsa kuwa tana gidansu a unguwar Camberwell, ta ce ba ta bar garinsu ta zo London don ta kwana a kwale-kwale ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan je ya kwana biyu a can, ya dawo da miya a roba.

Ya ba ni shayi da dabino, ya tambayi unguwarmu, ya san rabin mutanen da na ambata. Sannan ya nuna mini inda inbatar za ta zauna, ya ce iyakar aikina ke nan, sauran wayoyin kada in wahalar da kaina, shi da kansa ya daidaita su. Na ce to, Malam.

Da na durƙusa na cire tsohuwar, sai na ga abin da na sani kamar tafin hannuna. Waya ce mai fulogi a kai biyu, ɗaya a jikin inbata, ɗaya a soket ɗin bango. Haka muke ba gida wutar janareto a Kano in babu canji-oba. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce ai shi kullum sai ya zare kebul ɗin tudu kafin ya kunna ta, bai taɓa mantawa ba. Ni ma na yi dariya, domin da hannuna na haɗa wa mutane irinta ba adadi. Na ce a raina zan sa masa canji-oba shiru, magana ta ƙare.

Azahar ta yi, ya ɗauko butarsa ya fita. Yadda yake alwala shi ne ya zauna a gefen jirgi, ya miƙa ƙafafunsa kan dutsen tudu don kada ruwa ya jiƙa masa daɓe, hannun hagu kuma ya riƙe ƙarfen jirgin. Ina tsaye bayansa ina jiran buta. Da ya zo wanke ƙafa sai na ga kafaɗarsa ta hagu ta zabura, ya saki ƙarfen yana yarfa hannu. Ya waigo ya ga na gani, sai ya ce sanyin London ne, da tsufa.

Ban yi alwala a wurin ba. Na ɗauko mita, na kafa tsinke ɗaya a jiƙaƙƙiyar ƙasar tudu, ɗaya a jikin jirgi inda fenti ya goge. Mita ta nuna wuta. Na sake gwadawa sau uku ina fatan ni ne na yi kuskure, amma ba ta canja magana ba.

Yana salla na buɗe akwatin da ya ce kada in taɓa. An ketare bireka da guntun waya, wuta tana wucewa kai tsaye. Wayar ƙasa da ta zo daga tudu an yanke ta, an naɗe bakinta da baƙin salatif, naɗi mai kyau irin na mutum mai tsari. Na bi layi ɗaya bayan ɗaya har na kai ga hitar ruwan wanka. Ta ruɓe daga ciki, tana zubar da wuta a jikin jirgi. Matsayar kuma tsohuwa ce, daga bayan wani sito ake ba ta wuta, babu komai a can sai fis. Wato jirgin nan gaba ɗayansa yana ɗauke da wuta, kuma sau biyar a rana dattijon nan yana haɗa shi da ƙasa da jiƙaƙƙen jikinsa. Ranar da hitar ta ƙarasa ruɓewa, shi ke nan.

Da ya sallame na faɗa masa a hankali, kaina a ƙasa. Bai musa ba. Ya ce birekar ce ta dame shi da faɗuwa, yana tsakiyar rubutu sai duhu, shi ya sa ya haɗa ta yadda ya ga ana yi a gida. Wayar ƙasa kuma wani maƙwabcinsa na ruwa ne ya ce masa ita ke cinye ƙarfen jirgi. Na ce dole in zare wutar tudu in kulle ta har sai na dawo da kaya gobe. Nan take fuskarsa ta canja.

"Habibu," ya ce, "tun kafin a haife ka nake gyara rediyo. Inbata na kira ka ka ɗora. Ɗora ta ka tafi."

Wallahi na kusa yin haka. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane nauyin abin ba. Sa'an babana ne, a gidansa nake, shayinsa yana cikina, kuma wai in ce masa a'a. Na ma fara lissafin cewa in na cire hitar kaɗai ai yoyon ya tsaya. To amma na san mu. Da ruwa ya yi sanyi da asuba zai mai da ita, kuma zai yi shi da kyau, har da salatif.

Na koma gefe na buga wa Len waya, ina so ya ɗauke mini nauyin, in ce wa Malam oga ne ya hana. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi bai ga mitar ba, ni na gani, don haka shawara tawa ce. Ya kashe wayarsa. Na zage shi a zuciya da Hausa mai kyau.

Na je na zare kebul ɗin, na sa wa bakinsa kwado, na jefa makullin a aljihu. Na cire wayar mai kai biyu na sa a jakata.

"Malam, ka yi haƙuri. Ka ƙi ni yau, na yarda. Amma ba zan bar ka da wannan ba."

Malam ya juya mini baya. Ya shiga ya haɗa 'yar jakarsa, ya kulle jirgi, ya wuce ni ya nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa kamar bai taɓa ganina ba. Ranar Laraba ce, Hajiya ba ta tsammaninsa. Na yi azahar ɗina a makare a kan kwali bayan mota, raina a jagule.

Washegari tun safe na dawo, ban san ko zai zo ya buɗe ba. Ya zo. Gaisuwa kawai ya amsa, ya zauna a kujera da jarida. Na wuni ina aiki a gabansa. Na sa sabuwar bireka, na canja cikin hitar, na mai da wayar ƙasa ta hanyar wata 'yar na'ura da ke hana cin ƙarfen da maƙwabcinsa ya tsorata shi da shi. Na ɗora inbata da fis ɗinta dab da batir, na sa canji-oba mai raba wutar tudu da tata. Na gwada birekar a kan kowace wuta, ta faɗi kamar yadda ake so. Na sake kafa mita tsakanin jirgi da tudu, babu komai.

La'asar ta yi, ya ɗauki buta. Ya zauna inda ya saba, ya miƙa ƙafafu, ya kama ƙarfe. Ya gama alwalarsa tsaf, amma bai tashi ba. Ya saki ƙarfen ya sake kamawa. Ya ƙara zuba ruwa a ƙafa ya sake kamawa. Sai na ga hawaye a gemunsa.

"Ashe ba jikina ba ne," ya ce.

Ban fahimta ba sai da ya yi mini bayani. Mahaifinsa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekaru, kuma daga hannun hagu ta faro. Tun da shi ma ya fara jin zirr ɗin nan a hannun hagu, ya yanke cewa tasa ce ta zo. Bai je wajen likita ba don ba ya son a tabbatar masa. Bai faɗa wa Hajiya ba. Ya rubuta wasiyya ya ɓoye a cikin littattafai, ya daina sakin igiyar jirgi don kada abin ya same shi a tsakiyar ruwa. Wata da watanni mutumin da ya sayi jirgi don yawo yana ɗaure a wuri ɗaya yana jira.

Na ce duk da haka ya daure ya ga likita, ya ce zai je. Sannan ya tambaye ni ko ina sauri. Na ce a'a. Muka yi la'asar tare, ya zare kebul, ya juya canji-oba da kansa, ya ce in kwance igiyar gaba. Muka bi ruwa a hankali ta gefen gandun, ganye yana zubowa kan rufin jirgi, shi yana riƙe da sitiyari yana ba ni labarin kogin Yauri da muryar nan tasa. Ya yi shekaru bayan haka yana yawonsa, har Hajiya ta taɓa shiga sau ɗaya, ta ce ba ta ƙarawa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya shi ne mu da muka tashi inda wuta take wahalar samu, duk abin da ya katse mana ita abokin gaba muke ɗaukarsa, sai mu ketare shi mu ce mun yi dabara. Ni ma haka hannuna ya saba, shi ya sa na yi dariyar wayar mai kai biyu. Kuma mutanenmu ba sa faɗin abin da ke damunsu, sai dai ka tsaya ka lura. Don haka in kun shiga jirgin mutum, ku buɗe akwatin da ya ce kada ku taɓa, ko da sa'an babanku ne. Zai yi fushi, ku bar shi ya yi. Ni fushin Malam Isyaku na kwana ɗaya ne, kuma har ya bar duniya duk wanda ya gabatar da ni gare shi, cewa yake ni ne likitansa.