Kawu da Rigar Sanyinsa, Taswira

Dukanmu na Allah ne, kuma gare Shi kowa zai koma. Da hantsin ranar Talata, sha tara ga watan Disamba, ina bakin aiki a asibiti aka kira ni a waya, aka ce Kawu ya cika. Kawu yayan mahaifiyata ne, mai gyaran keken ɗinki, shi ya riƙe ni tun ban iya ɗaura zane ba har ya aurar da ni.

Kawu, na zauna in rubuta alherinka, amma ko ta ina na ɓullo sai rigar sanyinka ta tare mini hanya. Ba wanda ya san asalin launinta. Matarka, Inna, ta ce ruwan ƙasa ce, kai ka ce shuɗiya ce, man keke kuma ya raba gardamar, ya mayar da ita baƙa. Duk telan da ka gyara wa keke sai ya ji tausayinta ya ɗora mata faci da ƙyallen da ya samu a kusa, ja a gwiwar hannu, ruwan ɗorawa a kafaɗa, har yaran gida suka sa mata suna Taswira. Aljihun dama na sukudireba ne da gwangwanin mai, na hagu kuwa na alewa ne. Shi ya sa duk yaran layinmu ta hagunka suke gaishe ka.

Ni kaɗai ce maƙiyiyar wannan riga, kuma ban ɓoye ba. Da albashina na farko na sayo maka sabuwa, koriya mai maɓallai. Ka sa, ka juya gaba ka juya baya, ka sa mini albarka har na yi hawaye. Da na dawo bayan mako, sai na tarar da kai a tsugune gaban kan wani keke, cikin Taswira.

"Kawu, ina koriyar?"

"Tana nan lafiya lau, 'yata. Wannan dai ta san jikina. Sabuwa sai an koya mata zama."

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Sanyi na shigowa in kawo sabuwa, ka sa ta yini guda, ta ɓace. Na yi lallashi, na yi fushi, na taɓa ɓoye Taswira a bayan buhun gawayi, ka bi warin man keke ka zaƙulo abarka kana dariya. Ni ma na yi dariyar, amma abin yana ci mini rai. Na ɗauka kyautata ce ba ta kai ba, kuma ina so ko sau ɗaya a gan ka tsaf a ce yarinyar da ka riƙa ta fitar da kai kunya.

Washegarin rasuwarka an tashi da sanyi, muna zaune a tsakar gida muna karɓar gaisuwa, sai ga koriyata ta yi sallama, a jikin tsohon maigadin kasuwa. Ta koɗe, maɓalli ɗaya ya fita, amma ita ce. Ban gama mamaki ba sai ga mai ratsin fari a jikin mai tura ruwa. Ga mai wuyan nan mai tsada, wadda na sha ciniki kafin in saya, a jikin mai facin taya, ta sha baƙin mai kamar ƙanwar Taswira. Inna ta zungure ni, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Allah ya yafe mana, Kawu, a gidan rasuwarka muka yi ta danne dariya.

Maigadin ya matso kusa, ya ce, "Ke ce 'yar tasa ta asibiti? Duk shekara sai ya ce kin aiko da riga a ba wanda sanyi ya fi damu. Na taɓa ce masa ya ba ni tsohuwar ya riƙe sabuwar, ya ce shi ba ya kyauta da abin da ya tsufa. Kullum kina cikin addu'armu."

Nan na daina dariya. Ashe ba raina kyautata ka yi ba. Da sunana ka yi ta rabawa, ni ina can ina kumbure-kumbure, kai kana tara mini addu'ar mutanen da ban taɓa sani ba.

Ta bana tana cikin ledarta, ban kai ga kawo maka ba. Gobe zan kai wa mai sharar layinmu, in ce kai ka aiko. Taswira kuwa Inna ta miƙo mini, ta ce ga ta nan, in har yanzu ina son ƙona ta. Ita ce a jikina nake wannan rubutu, kuma akwai sauran alewa a aljihun hagu.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka suturta bayinsa, ya suturta ka da rahamarsa, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da 'ya'ya da jikoki, da telolin da kekunansu suka yi maraici. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.